Ɗakin Waƙa a Tsakanin Diloli

A shekarata ta uku a Guangzhou na fara aiki a siton Kawu. Kafin nan ɗaliba ce ni, ina koyon Sinanci, da na gama sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ce kada in yi gaggawar komawa Kano, yana bukatar wanda zai riƙa yi masa magana da 'yan China ba sai an yi ta nuni da yatsa ba. Sana'arsa tura kaya ce. 'Yan kasuwa su zo daga Kano, daga Maraɗi, daga Yamai, su yi sayayya a kasuwar tufafi ta Baima da kasuwannin Liuhua Lu, a kawo kayan sitonsa da ke bayan unguwar Sanyuanli, a ɗaure su dila-dila, a cika kwantena, a tura gida. Ni ce tafinta. Da safe in bi Alhazai da Hajiyoyi hawa-hawa a Baima, in mayar da "ya yi tsada" Sinanci, in mayar da "meyo" Hausa, wato babu. Da rana in koma sito, in zauna a teburin bakin ƙofa ina waya da masu motoci.

Yini guda bakina ba ya hutawa, amma in na koma gida sai in ji kamar ban yi magana da kowa ba. Maganar wasu nake ɗauka daga wannan baki in kai wancan kunne, tawa kuma tana nan inda na bar ta. Gidanmu a hawa na tara yake, tagar ɗakina tana kallon bangon wani bene da ya matso har in na miƙa hannu kamar zan taɓa shi. Kawu yawanci yana hanya, yau wannan masana'anta gobe waccan. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki tun ina jami'a, kuma a garin nan babu wanda ya san da shi.

Mai kula da siton wani dattijo ne ɗan Gana, haifaffen Zangon Akara. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan China masu lodi sun iya faɗa. Dogo ne, siriri, da furfura a gemu, kullum da alƙalamin rubutu a kan buhu maƙale a kunnensa da gorar ruwan zafi a hannu. Shi ke karɓar kaya, ya sa a ɗaure, ya rubuta alamar mai kaya da sunan gari a jikin kowace dila. Hausarsa irin ta Zango ce, wani lokaci ya ce min "kai" ya manta mace ce ni, Alhazan Kano su yi ta dariya. Muryarsa a dushe take, na ɗauka ƙurar sito ce.

Akwai wani lokaci a siton da na fi so. 'Yan China ba sa wasa da barcin rana. Da sun ci shinkafarsu, masu lodin nan sai kowa ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya miƙe, ƙarar salatif da ake ja tun safe ta tsaya, amalanken ƙarfe ya daina kuka. Kusan awa ɗaya da rabi duk layin sitocin yakan yi tsit. A irin wannan lokaci ne wata rana, ina rubutu, na ji wani sauti daga can bayan diloli. Babu kalma a ciki, gunji ne kawai mai taushi, ya hau a hankali, ya tsaya a sama yana rawa kaɗan, ya sauko kamar mai saukowa daga bene da yaro mai barci a kafaɗa. Na ɗauka wayar wani ce. Sai aka yi tari, aka sake daga farko.

Tarin na gane, na Baba ne. Shi ne ya fara yi min magana bayan 'yan kwanaki, ya tsaya a kaina yana kurɓar ruwansa mai citta.

"Malama ƙarama, wa kike rubuta wa wasiƙa kullum, ba ki taɓa aikawa ba?"

"Ba wasiƙa ba ce, Baba."

"To mene ne? Ƙarar Kawunki za ki kai?"

Na ce waƙa ce, rubutacciya, ba ta rerawa ba. Ya jawo wani kwali ya zauna, ya ce in karanta masa ɗaya. Na ce ba su da kyau. Ya ce ai bai tambaye ni kyansu ba. Na zaɓi mafi gajarta, wadda na rubuta a kan wanki da ya ƙi bushewa a damshin garin nan, na karanta ina kallon takarda. Da na gama ya ce layi na huɗu ya yi tsawo, mai karatu zai shaƙe kafin ya kai ƙarshensa. Raina ya ɗan sosu. Da na koma gida na karanta da ƙarfi, na ga gaskiyarsa.

Daga nan labarinsa ya riƙa fitowa guntu-guntu, yawanci muna cin abincin rana. Mawaƙi ne. Irin waƙar baƙaƙen Amurka da ake kira sol ita ya yi duk ƙuruciyarsa. Ya fara ne da wata ƙungiyar makaɗa a otal-otal na Akara, yana buga fiyano a baya, har ranar da mai waƙarsu bai zo ba aka tura shi gaba. Ya yi Legas, ya yi 'yan shekaru a Landan, ya fitar da faifai uku. Ya nuna min hoton bangon na biyun a wayarsa: wani saurayi mai tarin gashi da wando mai faɗin ƙafa, ya jingina da mota yana kallon gefe. Na yi dariya har na rufe baki.

"Yi dariyarki," in ji shi. "Motar ma ba tawa ba ce, ta mai hoton ce."

Ya ce ya fi yin suna da abin da ya rubuta wa wasu. Akwai wata mawaƙiya da waƙarsa ta ɗaga, ana jin ta a kowace tasi, sunansa kuwa yana bayan faifan da ƙananan haruffa. Daga baya ya zama furodusa, shi ke zama bayan gilashi yana ce wa matasa a sake. Sannan zamani ya juya, kiɗa ya koma cikin kwamfuta, yara suka daina son mai cewa a sake sau goma sha biyu. Ya zo Guangzhou sayen kayan situdiyo da nufin yin wata biyu, abin bai yiwu ba, ya samu Kawu, ya zauna.

Na tambaye shi mece ce sol ɗin, don ni na taso da wasu waƙoƙi ne daban. Ya ɗan yi tunani.

"Waƙa ce da mutum yake yi kamar yana roƙo, ko da maganar soyayya yake. Ba a goge ta ta yi sumul. Inda murya ta tsage, wurin ake so."

Wata rana kuma ya ce, ba tare da na tambaya ba, duk waƙoƙinsa da Turanci ya yi su. "Da Hausa nake mafarki, da Hausa nake faɗa da direba, amma ban taɓa yin waƙa ko ɗaya da ita ba. Muna samari gani muke waƙar Hausa ta masu kalangu ce a gidan biki. Mu 'yan birni ne." Ya yi murmushi ya girgiza kai.

Da kaka ta shiga dushewar muryarsa ta ƙaru, wani lokaci ya buɗe baki iska kawai ta fito. Kawu ya matsa masa ya je asibiti, aka haɗa shi da ni don fassara. Likita ya zura masa wani siririn abu mai fitila a maƙogwaro, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya juyo ya yi min bayani, ni, ba shi ba. Na tsaya ina neman ta inda zan fara.

"Faɗi yadda ya faɗa," in ji Baba. "Kar ki sa masa sukari."

Na faɗa. Akwai tsiro a inda murya ke fitowa, dole a cire, kuma kada a daɗe. Magana za ta dawo. Waƙa kuwa likita ya ce ba zai yi alkawari ba. Ban taɓa fassara abin da ya yi min nauyi a baki kamar wannan ba. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wa likita na gode da Sinanci, muka fito. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna tsaye muna riƙe da ƙarfe, ya ce a gida za a yi masa aikin, wurin ƙanwarsa, don ba ya son ya farka a gadon asibiti ya rasa mai ce masa sannu da harshen da ya sani. Zai tafi idan an rufe sito don hutun sabuwar shekarar 'yan China, wadda 'yan kasuwarmu ke ce wa sallarsu.

"Kafin nan akwai waƙa ɗaya," ya ce. "Kiɗan yana nan, na daɗe da gama shi. Kalmomi ne babu. Hausata ta sito ce, ta ɗaure da ɗaga. Ke za ki rubuta."

Haka muka fara. Hanyar aikinsa ba irin wadda na sani ba ce. Ni na saba in fara da abin da nake son faɗa, shi kuwa da numfashi yake farawa. Ya tura min gunjin nan nasa a waya, ya ce in saurara har in san inda yake shaƙar iska da inda yake sakinta, sannan in nemo kalmomin da za su zauna a tsakani. Na yi makonni da abin ji a kunne, a Baima, a jirgi, a ɗakina. In kawo layi, ya gwada shi ƙasa-ƙasa, ya ce, "Wannan kalmar kyakkyawa ce, amma ta takarda ce. Ba ni wadda ƙanwata za ta faɗa a bakin murhu." In yi fushi in tafi, in dawo da wata. A lokacin ne na lura na daina jin nauyin hawa na tara. Ina da abin da zan kai wa wani gobe.

Baiti uku muka tsayar. Na farko ya buɗe da cewa:

Na ɗaure kayan kowa, na rubuta sunan gari,
nawa na nan a buɗe, ban san inda za shi ba.

Da ya ji shi ya ce, "Wato ni kika zaga." Na ce ai ni ma a sito nake aiki.

Makon ƙarshe kafin hutu sito ya cika har rufi. Kowa yana son kayansa su hau jirgin ruwa kafin masana'antu da masu motoci su watse na kusan wata guda. Dilolin wandunan jins, rigunan sanyi, barguna, duk an jibge su ana jiran kwantenar ƙarshe, wadda aka ce za ta zo ranar Alhamis. Baba ya ce kwana uku sun ishe mu ɗaukar waƙar. Muryarsa ba ta wuce kamar minti goma sha biyar a yini kafin ta mutu, don haka baiti ɗaya kowace rana: Litinin, Talata, Laraba.

Ranar Litinin da safe na ga ya sa masu lodi sun jera diloli a can ƙuryar sito ta wata irin hanya. Bango uku na jins, sama an gitta katako an ɗora dilolin barguna, aka bar 'yar ƙofa da sai mutum ya karkata zai shiga. A ciki ya kafa makirfonsa, ya ɗora kwamfuta a kan kwali. Da na gani sai tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina kunya ce. Dattijo mai furfura, mai limancin sallar azahar a sito idan Kawu ba ya nan, ba zai so Alhazai su shigo su same shi ya rufe ido yana jan murya ba. Ni da na yi shekaru ina ɓoye littafina na san wannan sosai, ko kuma haka na zata. Ban tambaye shi ba, don a wurinmu ba a tambayar babba abin da yake jin kunyarsa. Shi ma bai ga dalilin yi min bayani ba.

Da masu lodi suka kwanta, ya ba ni abin ji na kunne guda, na zauna a bakin 'yar ƙofar. Kiɗan ya fara, fiyano da jita da ganga mai tafiya a hankali. Sannan ya shiga. Muryar da na saba ji tana cewa a matsar da kwali ta zama wata aba daban, ta yi kusa da kunnena kamar a cikin kaina ake waƙar. A kalmar "buɗe" ta tsage kaɗan, bai gyara ba. Na ji kalmomin da na rubuta a kan gadona sun tashi sun tsaya da ƙafarsu. Sau huɗu ya yi, a na biyar murya ta ƙi. Ya fito yana gumi, ya ɗaga min yatsa ɗaya, ya nemi gorarsa.

Talata ma haka. Baiti na biyu ya fi ba shi wuya, amma ya samu. Ya ɗaga yatsu biyu.

Da la'asar ɗin ranar, wani Alhaji ɗan Kantin Kwari, wanda rabin dilolin nan nasa ne, ya zo ya tsaya a kaina. Tun safe yake kai-komo. Ya ji a wurin abokansa cewa kwantenar da za ta fita Alhamis ba lallai ta samu jirgin ƙarshe ba, in kuwa ta rasa shi kayan da ya saya don kasuwar salla a Kano sai bayan salla.

"'Yata, ki kira matar nan mai motoci. Ki ce mata Alhaji ya ce gobe."

"Alhaji, tun jiya take ce min meyo."

"Kullum meyo. Ko ruwa ka roƙe su meyo. Ke da kika yi karatun yarensu, ki yi mata irin maganar da za ta ji kunya."

Na kira lawban ɗin, wato shugabar masu motocin. Ta ce babu. Na tambayi lafiyar mahaifiyarta da na san ba ta jin daɗi, na tambaye ta yaushe za ta tafi ƙauye hutu, na tuna mata shekarun da Kawu ya yi bai taɓa kiran wani kamfani ba. Ta yi dariya, ta ce in jira. Bayan kamar rabin awa ta kira: wani ya fasa, akwai mota gobe Laraba da sassafe. Alhaji ya yi ta sa min albarka, ya ce wa Kawu a waya wannan yarinya ta fi maza uku. Baba ya riga ya tafi karɓo wasu kaya a Liuhua Lu, bai ji ba. Na tuna da baiti na uku, na kuma ji daɗi. Gobe da rana sito zai zama fayau, babu Alhazai, babu mai leƙe, Baba zai yi waƙarsa a sarari ba sai ya ɓuya ba. Har na yi niyyar kada in faɗa masa, ya zo ya gani.

Da na iso da safe motar tana bakin ƙofa, an buɗe bayan kwantena. Baba yana tsaye da gorarsa yana kallonta.

"Ba Alhamis aka ce ba?" ya tambayi Kawu.

"'Yarka ce ta yi mana aiki. Ta murɗe lawban har ta sako mota."

Ya juyo ya dube ni. Ina murmushi, ina jiran yabo.

"Madalla," ya ce. Ya shiga ƙurya ya kwance makirfonsa, ya naɗe wayoyin, ya sa a jaka. Sannan ya zaro alƙalamin daga kunnensa ya fara kiran alamomi. Aikinsa ne, babu mai yi sai shi. Shi ya nuna wa masu lodi su fara sauke bargunan sama, shi ya duba kowace dilar jins da aka zare daga bangon nan uku. Awa huɗu yana ɗaga murya a cikin ƙura da ƙarar inji. Kafin azahar an rufe kwantena, Alhaji ya bi ta da addu'a, kowa ya watse.

Na same shi zaune a kan kwali a tsakiyar siton.

"Baba, yau dai wurin naka ne kai kaɗai. Ba mai ganinka."

Ya dube ni na ɗan lokaci, na ga alamar sai yanzu ya gane abin da ke kaina. Ya ajiye gorar, ya tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar ta tafi ta bugi bangon siminti, ta hau rufin kwano, ta dawo mana sau biyu ko uku kafin ta mutu. Ya kafa makirfon, ya sa min abin ji a kunne, ya ce kalma ɗaya. Na ji ta daga nesa, a cikin amsa-kuwwa, kamar mai kira daga ƙasan rijiya. Ya kunna min baitin jiya. Wannan kuwa a jikin kunnena yake, har numfashinsa ina ji.

"Tufafi suna shanye amo," ya ce, muryar da kyar take fita. "Na yi aiki a situdiyo masu tsada da ba su kai ɗakin nan na jins ba. Shekara nawa ina jiran in ga sito ya cika haka."

"Na ɗauka kunya kake ji."

Ya yi dariya har ta koma tari. "Kunya? Malama ƙarama, ni da na yi waƙa da wandon nan da kika gani?"

Na so in yi dariyar, sai hawaye suka riga ta. Na ce ya yafe min. Ya ce me na yi, aikina na yi, kuma na yi shi da kyau, Alhaji zai yi salla da kayansa. Ya ce laifinsa ne da bai buɗe baki ya faɗa ba, ya saba aiki da mutanen da suka san dalilin komai.

Ban haƙura ba. Washegari na kwaso bargunan gidanmu da labulen falo da dardumar Kawu, har da katifata, na cusa a tasi, direban yana ta mita. Muka rataya su a kan igiyar ɗaure kaya a ƙuryar nan. Ya gwada. Lodin jiya ya cinye muryar, sau biyu kawai ya iya. Ya saurara ido a rufe, ya haɗa da na farkon, ya girgiza kai.

"Kamar mutum biyu ne, ɗaya a ɗaki ɗaya a tsakar gida."

"Ai kai ka ce inda murya ta tsage nan ake so."

"Tsagewar tawa ce. Wannan amon na bangon mai sito ne."

Na ce mu nemi situdiyon haya. Na yi ta kira, duk sun rufe sun tafi garuruwansu, shi kuma ya ce ko an samu wani ɗaki ne daban. Na ce to mu sake duka baiti ukun a wuri ɗaya. Ya taɓa maƙogwaronsa ya ce waɗancan biyun ma da kyar ya ciro su, ba ya jin akwai irinsu a ciki kuma. Sabbin diloli kuwa sai bayan hutu, jirginsa kuma saura kwana biyar.

Garin ya watse a kwanakin nan. Baima a rufe, shagunan layinmu an ja ƙofofin ƙarfe an manna jajayen takardu, titin da ba a iya tsallakawa ya zama sai ka ji takun ƙafarka. Kawu ya tafi Kano. Ranar da Baba zai tashi ya ce in same shi a sito da hantsi in karɓi makullai. Na tarar ya share wurin tas, ya naɗe min barguna ya ɗaure su da kyau, har ya rubuta "hawa na tara" a jiki. Akwatinsa ɗaya da jakar kayan waƙa suna bakin ƙofa.

Ya ce kwana huɗu bai yi magana da kowa ba, yana tara abin da ya rage. Ya ce in zauna. Bai fito da makirfo ba, da na ɗaga wayata kuma ya yi min alama in ajiye. Ya tsaya a tsakiyar siton, ya rufe ido, ya buga ƙafa a hankali sau huɗu, ya yi baiti na uku.

In na iso da rana, kar a tambaye ni tsaraba,
a ba ni ruwa a inuwa, a kira ni da sunan yarinta.

Bango ya riƙa maido masa da kowace kalma, bai kula ba. A layin ƙarshe muryar ta ɗauke gaba ɗaya, leɓɓansa suka ƙarasa babu sauti. Ya buɗe ido, ya miƙo min makullai da wani ɗan ƙaramin memori mai ɗauke da waƙar a naɗe cikin takarda.

"Kin ji yadda yake. Ke kaɗai kika ji, sai ki riƙe."

Na raka shi bakin titi. Mun daɗe kafin mu samu tasi.

Bayan kamar wata biyu saƙonsa ya shigo, a rubuce, shi da kullum saƙon murya yake turawa. An yi aiki lafiya, yana magana kaɗan-kaɗan, ƙanwarsa tana dama masa koko. Ya gwada ɗaukar baitin a Akara kafin a shiga da shi, murya ba ta ba shi ba. Likitan can ya ce waƙa kam sai dai ya saurari ta wasu. A ƙarshe ya rubuta: kar ki ba kowa ya cike wurin baiti na uku, kuma kar ki yanke shi.

Ban yanke ba. Waƙar tana wayata yadda ya bar ta. Baiti biyu da muryarsa, sannan fiyano da jita da ganga su ci gaba su kaɗai, su bar masa wurinsa daidai tsawon layukan da na rubuta. Ina sauraronta a jirgi idan zan tafi Baima. Da farko, in an zo wurin, ina jin sa sarai, har inda ya shaƙi iska. Yanzu na fara shakka. Ban tabbata ba ko a "rana" ya ja muryar sama ko a "inuwa", kuma na san in na tambaye shi zai so ya nuna min, ba zai iya ba. Don haka ban tambaya ba.